Kafin Ka Rera Waƙar Tanko

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Abba, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sauke ku Kaduna lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, kuma na biyun ne ya fi ba ni tsoro. Na ce wa innarka ta ba ka takardar nan a tashar Unguwa Uku, ta ce maka kada ka buɗe sai mota ta wuce Kwanar Ɗangora. In ka buɗe tun ba a cika mota ba, to halinka ne, na san ka da gaggawa. Amma ka kare ta daga idon na kusa da kai, don ba kowa ke lumshe ido a mota ba ne yake barci. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi, na yaƙi da jahilci ne.

Ranar da ka zo ka durƙusa ka ce Alhaji Ɗanjuma ya kira ka situdiyonsa da ke Kaduna, ruwa kawai na nema. Ka zaci fiyano nake ƙi. Haba! Ina ruwana da fiyano? Soja za su koma bariki, 'yan siyasa sun fito neman waƙa, kowa ya ci zamaninsa. Abin da ya sa na nemi ruwan shi ne da ka ce aikin farko da zai ba ka, ka sake rera waƙar ta'aziyyar da na yi wa yayansa, marigayi Tanko. Kano cike take da samari masu murya, daga Hotoro har Ƙofar Nasarawa. Me ya sa sai ɗana? Mutumin da in ya hango ni a kasuwar Tarauni sai ya tsallaka titi, yau shi ne ya tako har Gyadi-Gyadi, ya tsaya a bakin layi bai shigo ba, ya aika a kira ka. Ban yarda da wannan tsayuwa ta bakin layi ba.

Na san ka ji abin da ake faɗa a kaina. Kana firamare ka taɓa dawowa da riga a yage da leɓe a kumbure, ka ce wajen ƙwallo ne. Ƙarya kake, ɗan nema. Wani yaro ne ya ce maka ubanka ya kashe Tanko, maƙwabta sun gaya min tun kafin ka iso gida. Na ga leɓen, na ce innarka ta gasa maka, na shige ɗaki. Ba ka taɓa tambayata ba, ni kuma na fake da kunyarka na yi shiru har ka yi gemu. Wannan kuskure ne. In Allah ya ba ka ɗa, kada ka bari ya ji labarinka a bakin 'yan layi kafin ya ji a bakinka.

To ga labarin.

Wancan karon da soja suka ce za su miƙa mulki, kana tatata, mu biyu ne ake ji a wannan yanki: ni a Gyadi-Gyadi, Tanko a Tarauni. Dukanmu da kalangu muke waƙa. Ɗanjuma, wanda za ka je wurinsa, shi ne babban makaɗin yayansa a lokacin, siriri, ba ya magana. Da siyasa ta kankama, wata jam'iyya ta ɗauke ni, wata ta ɗauki Tanko, sai gasa ta koma gaba. Ka san al'adarmu, mawaƙi ba ya taɓa ɗan'uwansa da hannu, da baki ake yi. Na yi masa zambo ya rama, ya yi min na rama. Sai ya fito da wata da ya ce wai muryata injin markaɗe ce, har makaɗansa suna kwaikwayon ƙarar injin da kalangu. Wallahi Abba, sai da yara suka riƙa bina a layinmu suna gurnani da baki, mata na miƙo min roba ta katanga wai in markaɗa musu tattasai. Yanzu ina rubutawa ina dariya. A lokacin ko abinci ba na iya haɗiya.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa a Unguwar Gano ya yi suna, ya gayyace mu mu biyu don jama'a su sha kallo. Da aka tashi, dattawa suka ce mu gaisa. Na ciro farin goro a aljihu na ɓare, na ba shi rabi, na jefa rabi a bakina. Ya ci, na ci. Har yau ana maganar rabin da ya ci, ban taɓa jin wanda ya tuna rabin da na ci ba.

Amma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da ya matso karɓar goron, na ga idonsa ya yi ɗorawa, wuyan rigarsa kuma ya yi masa yawa. Na ce wa kaina rashin barci ne, mawaƙi da yawon dare. A hanyar komawa gida waƙar ta zo min: in yi masa ta'aziyya da ransa, in binne shi a gaban jama'a, in ce murya ta mutu, a watse. Zambo ne, kuma ban taɓa jin wanda ya yi irinsa ba, sai na riƙa jin daɗin kaina. Shin na gane ciwo ne a idon nan kafin in fara? Na tambayi kaina a masallaci, na tambayi kaina a Arfa, ban samu amsa ɗaya ba. Don haka ka ji ni: duk wanda za ka yi wa zambo, ka dube shi ido da ido tukuna. In ka ga wani abu da ya sa zuciyarka ta tsinke, ka haɗiye waƙar ko da ta fi zuma daɗi.

Muka shiga gwaji a zaurenmu, kullum bayan la'asar, ƙofa a rufe. Amshin shi ne: "Tarauni ta yi shiru, mai kiranta ya kwanta." Sauran baitocin kuwa zagi ne tsagwaronsa. A cikin 'yan amshina akwai Sabo, wanda ya fi kowa daɗewa da ni. Wata rana ya ajiye amshi ya ce, "Maigida, an ce fa mutumin nan yana kwance da gaske. Waƙar nan ba ta kwanta min ba." Na ce masa, "Kwanciyar ƙarya ce, ya ji ƙishin-ƙishin ina shirya masa, yana neman wurin ɓuya. Ɗauki amshi, malam." Ya ɗauka. Muka yi ta maimaitawa har waƙa ta zauna musu a baki kamar sunayensu.

Wata safiya ina zaune a zaure ina shan koko, sai ga sallama. Ɗanjuma ne, ba kalangu a kafaɗa, ya ƙi zama a tabarma.

Ya ce, "Yaya ya ce a gaishe ka. Ya ce ya ji waƙarsa."

Na ce, "Wace waƙa?"

Bai kula ni ba. Ya ce, "Ya ce amshin ya yi. Amma wai tsakiyarta ta rame, zagi ya yi mata yawa, ba za ta daɗe ba. Ya ce ga abin da za ka sa."

Sai ya buga ƙirjinsa da tafin hannu a madadin kiɗa, ya rera a hankali:

"Ku sassauta wa kalanguna tsarkiya,
Ku rataye shi inda rana ba ta kai ba,
Wanda ya fi zagina, shi ya fi saurarona,
Ku bar shi ya yi kuka, kada ku hana shi."

Abba, ka gane baitin? Shi ne wanda in an sa a rediyo masu shayi ke rage surutu. Shi ne wanda wani malamin jami'a ya zo da rikoda ya ce ba a taɓa yin irinsa ba, wai yadda na ari bakin mamaci na yi magana. Ni kuma na gyara zaman hulata na ce baiwa ce daga Allah. Ba nawa ba ne. Ko harafi ɗaya a ciki ba nawa ba ne.

Da Ɗanjuma ya gama, ya ce, "Kuma ya ce ka zo."

Na ce to. Ban je ba.

Ka san me ya hana ni? Zargi. Na ce tarko ne. Na ce zan shiga in tarar da shi zaune garas da makaɗansa, su ce injin markaɗe ya zo neman gafara, gobe gari ya ɗauka. Na ce ko an binne wani abu a bakin ƙofar don in tsallaka muryata ta tafi. Har baitin kansa na ƙi maimaitawa da ƙarfi sai da na tofa addu'a. Daga zaurenmu zuwa gidansa, ko keke ba ka buƙata. Na zauna ina lissafin makirci, mutum yana can yana jiran sallamata.

Maimakon in je, sai na koma neman wanda ya kai masa waƙar. Ƙofa a rufe muke gwaji, to wa ya fitar? Idona ya faɗa kan Sabo, tunda shi ya nuna tausayi. A gaban sauran na ce masa munafuki, ya tattara ya bar min zaure. Ya rantse, ya yi hawaye, na ce hawayen ma na haya ne. Ya koma garinsu, ban sake ganinsa ba. Sai da aka yi shekaru da yawa innarka ta gaya min gaskiya, tana tsoro. Katangar zaure ba ta hana sauti, matan gida duk sun haddace amshin. Ita ce ta je barka Tarauni, tana taya su tsintar shinkafa, bakinta ya riƙa rera shi ba ta sani ba, matar Tanko na gefe. Shi ke nan. Ba munafuki, ba ɗan leƙen asiri, mace ce da tiren shinkafa. Kada ka yanke wa mutum hukunci don kawai shi ne ya gaya maka abin da ba ka son ji. Kuma kada ka ɗaga wa innarka maganar nan, ta biya da kuka fiye da laifinta.

Tanko ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Ciwon hanta ne, haka iyalinsa suka ce. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya, na bi su har maƙabartar Tarauni. Ɗanjuma ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai.

Ko sadakar uku ba a yi ba, jam'iyyarmu ta yi taro a wani fili kusa da kasuwa. Mutanen ɗan takara suka ja ni gefe suka ce, "Ka ɗan taɓa wani abu a kan marigayin, zai sanyaya mana zukatan mutanen Tarauni." Da ina da hankali da na ce ban shirya ba. Amma waƙa na nan a baki, a dafe, ga fili ya cika. Na cire zagin, na zuba addu'a a gurbinsa, na ɗora baitin Tanko a tsakiya. Jama'a suka yi ta kuka, har 'yan jam'iyyarsu da suka zo jifa suka zubar da duwatsu. Ni ma kukan nake, kuma na gaske ne, ko ka yarda ko kada ka yarda.

Inda na yi wauta, kai ɗan situdiyo ba lallai ka gane ba sai na faɗa maka. A wurinmu, in waƙa sabuwa ce, 'yan amshi bakin maigida suke kallo. Dole ne, don ba su san inda zai ajiye ba. Sai ta kwana biyu a jikinsu sannan suke sakin ido su kalli jama'a. A ranar nan babu ɗaya cikin yarana da ya kalli bakina. Wani na kallon sama, wani na gyara hula, amshi kuwa na faɗawa daram, kiɗa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Jama'ar gari ba su lura ba. Tsofaffin makaɗan da ke zaune a gindin darbejiya su suka lura. Ɗaya ya karkata ya ce wa na kusa da shi, "Yaushe aka koyi wannan?" Kafin magariba tambayar ta zaga Tarauni, kafin Juma'a ta zama amsa: ya san zai mutu.

Daga nan kowa ya ƙara gishirinsa. Wasu suka ce goron ne. Wasu suka ce wani malami a Hotoro na kai wa baƙin bunsuru, ni da ko hanyar gidansa ban sani ba. Wasu suka ce ba guba ba asiri, bakina ne kawai, duk wanda na ambata ya kaɗe. Masu biki suka riƙa gayyatata don tsoro, suna roƙona a asirce kada in kira sunan ango. In na miƙa goro a majalisa sai a karɓa a sa a aljihu. Har yau, Abba, har yau a masallacin layinmu akwai dattijon da in na tsaya kusa da shi sai ya tuna bai yi alwala da kyau ba.

Za ka ce, Baba, me ya hana ka fito ka yi bayani? Nan ne wurin da nake so ka karanta sau biyu. Bayanin na da sauƙi: zambo ne na shirya, shi ya sa aka iya ta, marigayin ma ya ji ta har ya gyara min. Magana ta ƙare, an wanke ni. Amma in na faɗi haka, na faɗi cewa bakandamiyata, waƙar da aka san ni da ita, wadda ta kai ni Makka ta rufa wa gidan nan kwano, zuciyarta ta Tanko ce. Na faɗi cewa yana kan gadon mutuwa ma ya fi ni iya waƙa. Na auna biyun, na zaɓa. Na gwammace a ce na kashe shi da a ce ya gyara min waƙa. Ka ji irin ubanka. Kai kuma ka sha duka a firamare a kan zaɓin da na yi.

Kada ka so waƙarka har haka. In wani ya ba ka baiti, ko kalma ɗaya ce, ka kira sunansa tun waƙar na ɗanya, don in ta bushe ba ta karɓar gyara sai ta karye. 'Yan siyasa kuma za su zo maka da fara'a su ce ka ɗan taɓa wane. Su za su shirya da wanen a ɗakin sanyi su ci kaza tare, kai za a bari da mutanen unguwa.

Yanzu mu dawo kan Ɗanjuma. Duk duniya mu biyu muka san abin da ya faru a zauren nan. Da kalma ɗaya zai iya wanke ni daga kisa, bai yi ba. Da kalma ɗaya zai iya tona ni a kan baitin, shi ma bai yi ba. Shekara da shekaru yana riƙe da ni a tafin hannunsa, bai matse ba bai saki ba. Ban san me yake nufi da kai ba. Wataƙila so yake ka shiga gaban na'ura ka rera baitin yayansa da sunan ubanka, sannan ya tsayar da kiɗa ya tona a gaban yaransa, ka ji kunyar da ni na guje wa. Wataƙila kasuwa kawai ya hango, ɗan wanda ake zargi yana rera waƙar, kaset zai tafi. Wataƙila kuma tsufa ne ya kama shi kamar yadda ya kama ni, yana son jin muryar gidanmu a kan kalmomin gidansu kafin ya bi yayansa. Zuciyata ta fi karkata ga na farko. Amma wannan zuciyar ce ta ce min Tanko ƙarya yake, ita ce ta ce min Sabo munafuki ne, don haka kada ka ba ta amana da yawa.

Shi kansa baitin, har yau ban san ko yafiya ce ko mari ba. "Ku bar shi ya yi kuka." Wani lokaci in ji kamar dafa kafaɗata ya yi. Wani lokaci in ji kamar hukunci ya yanke min, kuma ya tabbata, don ban taɓa rera wurin ba tare da muryata ta karye ba, jama'a na tafi suna cewa gwaninta ce. Da na je da ya kira ni, da na sani.

Ba zan ce kada ka je ba. Ka je, ka buɗe ido, ka ci abincinsa ka yi bisimilla kamar yadda za ka yi a ko'ina, kada ka sa goronsa a aljihu, na san zafin wannan. Amma kafin a kunna fiyano, kafin shi ya buɗe baki, kai ka riga shi. Ka tara yaran situdiyon ka ce baitin tsakiya na marigayi Tanko ne, ubanka ya ce a faɗa. A jikin kaset a rubuta sunansa sama da nawa. In rediyo sun tambaye ka, ka faɗa musu duka, har zambon, har Sabo. In Sabo na raye maganar za ta kai masa. Na san abin da zai biyo baya. Waɗanda suka ce na yi kisa ba duka za su janye ba, kuma za a ƙara min sunan ɓarawon waƙa a kai. Na ɗauka. Kai dai kada ka gaji abin da ba nawa ba.

Sannan ka sami Ɗanjuma shi kaɗai, ka durƙusa kamar yadda kake durƙusa min, ka ce masa saƙon da ya kawo Gyadi-Gyadi da safen nan ya iso. An ce in zo, ban zo ba. Ƙafata yanzu ba ta kai ni ko bakin titi sai da sanda, wanda ya kira ni kuma ba ya gida. Ka ce ga abin da ya fi min komai, wato kai, na aiko a madadina, ya yi yadda ya ga dama da shi, amma ya tuna kai ba ka san komai ba, kana tatata.

Innarka ta sa maka dambun nama da yaji a baƙar leda, kada ka rabar duka a mota. Ka riƙe salla a kan lokaci, situdiyo ba ta da taga, rana na faɗuwa ba ka sani ba. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da masu tsoronsa, ya raba ka da zargin da ya cinye ubanka. Allah ya ji ƙan Tanko, ya sa ya huta. In ka isa ka aiko da direba ya ce mana ka sauka, kuma ka gaya min abin da Ɗanjuma ya ce, ko da shiru ya yi, ka gaya min irin shirun.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Mamuda mai kalangu, Gyadi-Gyadi.